Cefanen Darakta

Sunan Darakta ya samo asali ne daga wasu kwana uku. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce shugaban ofishinsu ya yi tafiya, mataimakinsa na kwance da zazzaɓi, sai aka bar masa makullai. Aikinsa na ainihi buga hatimi ne a kan takardu, amma a cikin kwana ukun nan sai da ya kira taro sau biyar, ya sauya wa kowa wurin zama, ya kuma kulle kansa a ɗakin ajiya har aka nemo kafinta. Shugaba ya dawo ya karɓi makullansa, suna kuwa ya zauna daram. Shi dai bai taɓa jin zolaya a ciki ba. Idan aka kira shi da shi, har wuyan riga yake gyarawa.

A hawa na uku na wani dogon bene yake zaune da matarsa, Malama, wadda take koyarwa a firamare. Shekara goma sha tara da aurensu, kuma duk ranar Asabar ita ce take zuwa kasuwa, ta hau matakala hamsin da huɗu da kaya niƙi-niƙi, shi kuma ya tsaya daga sama yana ba ta shawarar yadda ake riƙe leda. Wata Asabar santsi ya kwashe ta a hawa na biyu, albasa ta yi ƙasa, ita ma ta bi ta. Likita ya ce ƙashin idon sawu ya tsage, ya sa wa ƙafar siminti, ya ce mako shida ba taka ƙasa.

Da yammar ranar Darakta ya sauko wurin bencin da ke bakin shagon Tela, a ƙasan benen, inda suke hira da Tela da Direba, mai tasin da ke zaune a hawa na biyu.

Tela ya ce, "Sannu da jinya. Yanzu dai kasuwa ta hau kanka ke nan."

Darakta ya yi dariyar tausayi. "Kasuwa? Ku har yanzu kuna zamanin da mutum zai je ya tsaya a rana yana matsa tumatir? Ai kasuwa ta mutu, labari ne bai iso ku ba. Yanzu a waya ake cefane. Ka danna, ka kishingiɗa, a kawo maka har ƙofa."

"Ka taɓa yi?" in ji Direba.

"Ba sai na taɓa ba. Mutumin da ya riƙe ofis guda ba cefane ne zai gagare shi ba. Ku zama shaida, daga yau ƙafata ba za ta sake taka kasuwa ko kanti ba. Duk wanda ya gan ni da leda a hannu, ya daina kirana Darakta."

Tela ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Mun shaida."

Washegari Malama ta aike shi gidan mahaifiyarta, Inna, da maganin ciwon gwiwa da ta saba kai mata. Gidan Inna yana can ɗaya gefen gari, kuma Darakta bai cika zuwa ba, don tsakaninsa da surukarsa gaisuwa ce kawai. A shekara goma sha tara, abin da ya taɓa kai mata da hannunsa kalandar ofis ce, ita ma ta shekarar da ta wuce. Inna kuwa ta rataye ta a inda duk wanda ya shigo zai gani.

Ya tarar tana wanka, ya zauna a falo yana jira. A nan ya sauke manhajar wani babban kanti a wayarsa. Manhaja ta tambaya ko a ɗauki wurin da yake zaune yanzu a matsayin inda za a riƙa kai masa kaya. Darakta ya danna "eh" ba tare da ya karanta ba, don a wurinsa karanta irin waɗannan tambayoyi aikin 'yan koyo ne. Ta sake tambaya ko mai kawo kaya ya kira shi idan ya iso. Wannan ya karanta, ya danna "a'a." Manya ba a damunsu da kira.

Ranar Juma'a Malama ta lissafa masa abin da babu, ya ƙara nasa a kai, ya tura oda. Waya ta ce gobe ƙarfe huɗu.

Tun uku da rabi na Asabar ya sauko da farar riga, ya sa aka matsar da benci don kada a tare wa mai babur ɗin da zai kawo kaya hanya. Ya ce wa Direba ya janye tasinsa. Matar Tela da matar Direba suka leƙo ta taga. Malama na sama, ƙafa a kan matashi, tana jira.

Huɗu ta yi. Wani babur ya shigo layin, Darakta ya miƙe ya ɗaga hannu, babur ya wuce da wani mutum rungume da fanka.

Huɗu da rabi, Tela ya ce, "Ko dai shi ma ya tsaya matsa tumatir?"

"Tsarin yana da matakai," in ji Darakta. "Ba za ka gane ba."

Biyar saura kwata waya ta yi ƙara. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya karanta da ƙarfi: "An kai kayanka. Mun gode."

Suka dubi dama, suka dubi hagu. Direba har ƙarƙashin benci ya leƙa.

"Wataƙila ta sama aka sauke," ya ce. "Ka duba rufi."

Darakta ya hau bene yana huci, yana shirya kalmomin da zai yayyafa wa kantin. Yana buɗe ƙofa ya tarar da Malama tana waya, idonta a kansa. Ta danna ta buɗe murya yadda zai ji. Inna ce.

"Shinkafa buhu guda," in ji Inna. "Ga mai, ga madara, ga sukari, ga sabulu. Na fito na ga kwalaye a ƙofa, da sunan mijinki a jiki. 'Yar nan, ashe na daɗe ina ɗaukar alhakin bawan Allahn nan. Yana kusa?"

"Ga shi tsaye, Inna."

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Matarka na kwance amma ka tuna da tsohuwa."

Darakta ya buɗe baki. Gaskiya ta taho har maƙogwaro, sai ta ci karo da albarkar da ke shiga, ta koma. Tunda yake, Inna ba ta taɓa ce masa ɗan nan ba.

"Ba komai, Inna," ya ce. "Na jima ina shirya muku. Lokaci nake jira."

Da aka kashe waya, Malama ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka kyauta, maigida. Namu fa?"

"Namu yana zango na biyu. A tsarin zamani, manya ake fara kai wa."

"To a tsarin zamani me za mu ci yau?"

Shinkafar da ta rage a gindin roba ya dafa, da rabin albasa. Ta kama, ya ce haka ake yinta a manyan otal.

Ya sauko ya shaida wa benci cewa da gangan ya yi. Direba ya ce lallai ya burge. Tela ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Ranar Litinin a ofis, tsakanin hatimi da hatimi, ya sake tura oda. Ya gane cewa kayan sun tafi gidan Inna, abin da bai gane ba shi ne dalili. Akwai mutum huɗu a ofishin da za su gyara masa kafin shayi ya huce, amma duk ya riga ya yi musu lacca a kan mutuwar kasuwa. Ya laluba ya laluba, ya ga wani gurbi da aka rubuta, "Saƙo ga mai kawo kaya." Ya yi murmushi. Ya rubuta a taƙaice, yadda manya suke ba da umarni: "Ba can ba, nan."

Mai babur ya karanta saƙon a ƙofar gidan Inna, ya dubi taswira, ya ga nan ɗin dai nan ne, ya sauke.

Wannan karon Inna ba ita kaɗai ta kira ba. Maƙwabtanta ta tara, suka riƙa karɓar waya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kayan sun fi ƙarfin cikinta, ta rarraba wa layi. Wata ta ce taliyar ta yi daɗi. Wata ta ce Allah ya ba 'ya'yansu maza irinsa. Wani tsoho ya tambaya ko zango na gaba akwai ganyen shayi. Darakta yana tsaye a tsakar ɗaki yana amsa "amin, amin," cikinsa yana amsawa da tasa muryar.

Malama ta ce, "Zango na biyun ma manya ne?"

"An samu cunkoso a na'ura."

"Maigida, ba ni wayar nan in duba."

"Ke da likita ya ce ki huta?"

"Ƙafa ya ce. Bai ce ido ba."

Ya sa wayar a aljihu ya ce caji ya ƙare.

Abin da ya rufa musu asiri a makon nan shi ne matar Direba da matar Tela, da suke aiko wa mai jinya abinci. Darakta yakan karɓi kwano a ƙofa yana cewa ai da ba su wahalar da kansu ba, gida cike yake. Ya kai wa Malama, ya zauna kusa da ita yana kallon bango har sai ta tura masa rabi. Firji kuwa in ka buɗe, fitila ce a ciki da gorar ruwa.

Ranar Alhamis sukari ya ƙare, Malama ta sha shayi tsura. Darakta ya ga dole a yi wani abu, amma ƙofar benen ɗaya ce, kuma Tela yana bakinta daga safe har yamma kamar an dasa shi. Sai dabara ta zo masa. Ya kwance igiyar shanya, ya ɗaura a ƙarfen tagar kicin, ya zura ta bayan gini. Ya fita hannu a aljihu yana fito, ya yi tafiyar layi bakwai zuwa kantin da ba a san shi ba, ya sayi burodi da sukari da madarar gwangwani. Ya zagayo ta baya, ya ɗaure ledar a igiya, ya dawo ta gaba hannu a aljihu, ya gaida Tela, ya haye.

Ya fara ja a hankali. Leda ta taso, ta wuce hawa na ɗaya. Tana kaiwa na biyu ta tsaya cak. Ya leƙa. Direba ne a tagarsa, da singileti, hannunsa ɗaya riƙe da ledar.

"Darakta, wannan fa?"

"Sabon tsarin kawo kaya ne. Gwaji kamfanin yake yi, ni suka zaɓa."

"Da igiyar shanya?"

"Matakin farko ke nan."

"Har da ledar kantin bakin titi?"

"Haɗin gwiwa suke yi. Saki."

Direba ya saki. Da yake Darakta yana ja da ƙarfinsa duka, leda ta yi sama ta daki bakin taga ta yage. Burodi ya tsira a hannunsa. Gwangwanin madara ya sauka a kan kwanon rufin shagon Tela, wanda ya miƙe har bayan gini, da ƙarar da ta sa Tela ya ɗinke hannun riga da aljihu, sukari kuma ya bi iska ya sauka a kan zannuwan matar Direba da ke shanye. Kafin yamma tururuwar unguwa duka ta hallara.

Da Tela ya hau da gwangwanin a hannu, a lotse, ya ce, "Kamfani ya yar da wannan a kaina."

Darakta ya karɓa ya ce, "Zan rubuta musu."

Ranar Juma'a ya zauna da waya da niyyar gamawa da ita. Ya gano taswira, ya ga jan ɗigo a kan gidan Inna. Ya ɗora babban yatsa zai ja shi, taswira ta tsuke, gari ya zama ƙwayar gero, ya sake taɓawa sai ga ɗigon a tsakiyar teku. Ya danna komawa baya da sauri kafin a kai wa kifi shinkafa. Ɗigo ya koma gidan Inna ya zauna.

A nan ya yanke shawarar da a ganinsa ta fi duka. Tunda kaya sun nace sai gidan Inna, to shi zai riga Inna. Zai tura oda, ya je ya laɓe, ana saukewa ya kwashe kafin ta fito, ya tari mota, ya iso gida a gaban benci da kwalaye masu tambarin kanti, ya ce a hanya suka haɗu da mai babur.

Asabar da rana ya ce wa Malama an kira taron gaggawa a ofis. Ya sa baƙin tabarau, ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya jawo hula har gira. Bai san cewa a daidai lokacin da yake hawa mota zuwa can, Inna tana saukowa daga wata motar a ƙofar benensu ba. Mako biyu tana son ganin 'yarta gwiwa na hana ta, ran nan ta ce ko da hutawa goma sai ta hau.

Darakta ya laɓe a bayan wata motar ɗaukar kaya da ke fake daura da gidan Inna. Ƙarfe huɗu daidai mai babur ya iso, wani dattijo da hular kwano. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya jera kwali uku a ƙofa, ya ɗora kiret ɗin ƙwai a sama, ya ɗauki hoto, ya ɗaga wa matan shagon kitso da ke jikin gidan hannu, ya tafi.

Darakta ya fito da sanɗa. Ya ɗora kwali a ka, ya rungumi ɗaya, ya tura na uku da ƙafa. Kiret ɗin ƙwai ya rasa inda zai sa, ya ajiye a gefe da niyyar dawowa. Taku shida ya yi.

"Malam, ina zuwa da kayan Inna?"

Mai Kitso ce, doguwar mace da tsinken tsaga a hannu. Bayanta mata uku sun taso, kowacce rabin kai a kitse rabi a tsefe.

"Kayana ne," in ji Darakta ta cikin takunkumi.

"Kayanka a ƙofar wani?"

"Kuskuren na'ura ne. Ni ne surukinta."

Matan suka dubi juna. Mai Kitso ta matso har yana jin ƙamshin man kitso.

"Sata dai mun saba gani, amma ka ji tsoron Allah ka bar sunan mutumin kirki. Surukin Inna da ya ciyar da layin nan mako guda, shi ne zai zo da fuska a rufe yana tura kwali da ƙafa?"

"Wallahi ni ne. Ni ne kuka yi wa addu'a a waya."

"To mun janye," in ji ɗaya daga cikin matan.

Ya yi yunƙurin juyawa, kwalin da ke kansa ya zame, gindinsa ya buɗe. Tumatir ya bazu a titi, gwangwanaye suka gangara, robar mai ta faɗi a kan takalminsa ta buɗe. Ya taka mai, ƙafa ta tafi gabas, shi ya tafi yamma, ya zauna daɓas a kan ledar fulawa. Da ƙurar ta lafa, ga mutum fari fat da baƙin tabarau.

Kafin ya tashi layi ya cika. Mai gadin kantin magani ya zo da sandarsa ya tsaya a kansa. Tsohon nan mai son ganyen shayi ya iso yana dogara sanda, ya ce a bincika aljihunsa ko ya ɓoye shayin. Wani ya ce a kira 'yan sanda, Mai Kitso ta ce a fara kiran mai kaya.

Wayar ta sami Inna a kicin ɗin Darakta, tana tsaye gaban buɗaɗɗen firji, ita da fitila suna kallon juna. Ta saurara, ta ce, "Baƙin tabarau? Yana da tumbi kaɗan? Yana magana kamar mai karanta sanarwa? Ku riƙe shi, kada wanda ya taɓa shi. Ga ni nan."

Malama ta ce ko da rarrafe sai ta je. Direba da Tela suka ɗora ta a kujera suka sauko da ita, Tela ya rufe shago tun rana ba ta faɗi ba, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori.

Darakta na zaune a ƙasa yana yi wa mai gadi bayanin matsayinsa a ofis, sai ga tasi ta tsaya. Ya ga Direba ya fito. Ya ga Tela. Ya ga ƙafar siminti ta leƙo ta taga. Ya ga Inna. Ya gyara takunkumi ya ƙara jawo hula.

Mai Kitso ta ce, "Inna, ga shi. Wai shi ne surukinki."

Inna ta zagaya shi a hankali, tana tsallake tumatir.

"Cire tabarau."

Ya cire. Da'ira biyu baƙaƙe suka bayyana a farar fuska.

"Cire ƙyallen."

Ya cire.

Inna ta daɗe tana kallonsa, har mai gadi ya fara gyara riƙon sanda. Sannan ta ce, "Shi ne."

Tela ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Inna," in ji Darakta, "akwai bayani. Tsarin yana da matakai."

"Bar matakan, na hau hamsin da huɗu yau, sun ishe ni. Ɗan nan, tun kwalin farko na san ba nawa ba ne. Wace tsohuwa ake aika wa reza da man aske gemu? Wace tsohuwa ce take sa safa lamba arba'in da huɗu?"

"To me ya sa kuka sa mini albarka?"

"Shekara goma sha tara hannunka bai buɗe ba. Ran da ya buɗe, ko da kuskure ne, ai sai a yi maza a sa albarka kafin ya rufe. Na ce in jira in ga kwana nawa za ka yi kafin ka ce, Inna na yi kuskure. Abin da ban sani ba shi ne 'yata kake bari da shayi tsura. Da na sani, da tuni na zo na ja kunnenka."

Darakta ya dubi tasi. Malama tana kallonsa ta taga, ba fushi a fuskarta, ba kuma dariya. Ya sunkuyar da kai, fulawa ta zubo daga hularsa.

"Na yi kuskure, Inna," ya ce, a hankali.

Direba ya kama kunne. "Me ya ce? Injin mota ya hana ni ji."

"Motarka a kashe take," in ji Darakta.

Inna ta miƙa hannu, ya ba ta waya. Ta miƙa wa Mai Kitso. Mai Kitso ta goge yatsa a zani, ta tambayi Malama sunan layinsu da lambar gida, ta danna sau uku, ta mayar.

"Shi ke nan?" in ji Darakta.

"Shi ke nan."

"Ai nan na kusa dannawa."

Tsoho ya matso ya ce, "Yanzu mu namu ya ƙare ke nan?"

Inna ta ce, "Wa ya ce? Addu'ar da kuka yi masa ai ba a banza za ta tafi ba. Ke Mai Kitso, sa masa gidana ma a ciki. Mako ɗaya can, mako ɗaya nan." Ta dubi Darakta. "Ko akwai magana?"

Ya dubi mai gadi, ya dubi mata huɗu da tsinken tsaga, ya dubi Tela. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara wuyanta.

"Abin da nake shirin sanarwa ke nan aka tare ni," ya ce.

Matan suka tattara abin da ya tsira aka zuba a bayan tasi. Mai Kitso ta ba shi tsumma ya goge fuska, ta ce ta mayar masa da addu'arta amma rabi. Inna ta shige gidanta. Malama da ƙafarta suka cinye kujerar baya, Tela ya zauna gaba, Darakta ya takure a lungun da ya rage, aka ɗora masa kiret ɗin ƙwai a cinya, shi kaɗai ne abin da bai ɗauka ba, shi kaɗai ne kuma bai fashe ba.

Suka ɗauki hanya, suka yi nisa. Can Tela ya waiwayo ya ce, "Darakta, don Allah a ilimance, ina matsalar ta fito?"

Darakta ya yi gyaran murya. "Na yi nazari. Waya ba ta yi kuskure ba, taswira ma daidai take. Gidanmu ne aka gina a inda bai kamata ba."

Malama ta jingina kai da taga ta lumshe ido.

"To kafin a matsar da gidan," ta ce, "riƙe ƙwan nan da hannu biyu. Akwai rami a gaba."